Yadda Za Ka Ɗauki Makaɗan Biki a Zariya Ba Tare da Ka Ci Bashi Ba

A yawancin gidajen da na sani a Zariya, maganar makaɗa ita ce ta ƙarshe da ake tunawa da ita. An gama lissafin kayan ɗaki, an ware na gara, an sayi shinkafa da mai, an biya mai rumfa da kujeru. Sai ana saura kwana goma wata gwaggo ta ɗago kai ta ce, "To ni kam, wa zai yi mana kiɗa ran wuni?" A lokacin kuɗi ya yi ƙasa, makaɗan kirki duk an riga an kama su, wanda ya rage kuma ya san a matse kake. Daga nan ake fara bin 'yan uwa ana neman rance.

Sau uku ana ɗora mini wannan aiki a gidanmu: bikin ƙannena mata biyu a cikin gari, da na ɗan yayana a Tudun Wada. Abin da na gano shi ne, kuɗin da makaɗi ya yanka maka da bakinsa ba shi ke karya mutum ba. Abin da ba a ambata ba a wurin ciniki shi ne matsalar: motar da za ta kwaso su, abincin yaransa, man janareto, awa biyun da aka ƙara, maroƙan da suka biyo shi, da kuɗin liƙin da ba a san na wane ne ba. Wanda ya tsare waɗannan zai yi biki mai armashi da kuɗi kaɗan, kuma makaɗin ya tafi yana sa albarka.

Mataki na farko: ji ta bakin manya

Kafin ka kira kowa a waya, zauna da mahaifin amarya da mahaifiyarta, sannan a tuntuɓi gidan ango. Zariya garin malamai ne. Akwai gidan da ba a shiga da ganga ko kaɗan, akwai wanda zai yarda da kiɗan ƙwarya na mata a cikin gida amma ba zai yarda da di-je ba, akwai kuma wanda walima kawai yake so, da wa'azin malama da waƙen 'yan Islamiyya. Na ga gidan da samari suka biya di-je, ya zo ya jera lasifiku a ƙofar gida, dattijon gidan ya fito daga zaure ya ce a kwashe. Kuɗin bai dawo ba, kuma an kwana biyu ana ɗaure wa juna fuska. Tambaya guda ce za ta raba ka da wannan: "Baba, wane irin kiɗa ka yarda a yi, kuma a ina?"

Mataki na biyu: zaɓi rana ɗaya ka ba ta ƙarfi

A nan ne babban ragin yake. Bikin yanzu ya yi rassa: kamu, sa lalle, ɗaurin aure, wuni, walima, dina, kai amarya, buɗar kai. In ka ce kowanne sai an yi masa makaɗi, ko mai kuɗi sai ya ji a jikinsa. Kuma in ka duba da kyau, yawancinsu ba sa bukata.

Ɗaurin aure ba ya neman kiɗa. Sanƙira ko maroƙin da zai yi shela ya ishe shi, shi ma sau da yawa da kansa yake zuwa. Sa lalle na 'yan mata ne da ƙawaye; lasifika ƙarama da waya sun wadatar, in kuma akwai tsohuwa mai guɗa a dangi, ta gama muku komai. Kai amarya ya fi bukatar nasiha da addu'a. Abin da ya rage shi ne kamu da wuni, sai dina ga masu yin ta.

Ra'ayina, in kuɗin na rana ɗaya ne, a ba wuni. Ranar ce iyaye mata ke karɓar jama'arsu, ranar da ƙawayen uwar amarya ke zuwa rama biki, kuma ita ce ranar da ake liƙi na gaske. Makaɗi ma ya san haka, shi ya sa yake sassauta farashi in ya ji wuni ne. In amarya da ƙawayenta sun dage a kan kamu, a haɗa kamu da wuni a yini ɗaya a wuri ɗaya: iyaye daga bayan azahar zuwa la'asar sakaliya, 'yan mata daga nan zuwa magariba. Rumfa ɗaya, janareto ɗaya, kuɗin mota ɗaya. Haka muka yi a bikin ƙanwata ta biyu, kuma babu wanda ya ce an rage wani abu.

Mataki na uku: san irin kiɗan da ya dace da taronka

Mutane da yawa suna cewa "makaɗa" kamar abu ɗaya ne, alhali kowane iri da taron da ya dace da shi da kuma nauyin da yake ɗora maka.

Masu kiɗan ƙwarya, wato 'yan amada, mata ne, kuma su ne suka fi dacewa da wuni a cikin gida. Kayan aikinsu ƙore ne da 'yan sanduna: wasu a kife a ƙasa, ɗaya a kife a kan ruwa cikin babban baho, ita ce mai ba da amon nan mai zurfi da ke shiga ƙirji. Ba sa bukatar wuta sai in kana son makirfo ga zabiya. Suna shiga har tsakar gida ba tare da an ce namiji ya shigo ba, mata su saki jiki su taka. A ganina babu kiɗan da ya kai wannan arha da daɗi ga bikin mai ƙaramin ƙarfi, kuma yana ba ni takaici yadda muke barin sa muna kai kuɗinmu ga lasifika.

Masu kalangu maza ne, galibi uku zuwa biyar: mai babban kalangu, masu taya shi, mai kuntuku, wani lokaci da mawaƙi da ɗan ma'abba. Sun fi kyau a ƙofar gida ko a fili. Gwanin kalangu yana matsa tsirkiya a hammata ya kira sunan mutum da kirarin gidansu, ka ga dattijuwa ta miƙe tana share hawaye tana laluben jaka. Amma yawansu shi ne yawan bakin da za ka ciyar, kuma su ne maroƙa suka fi bi.

Sha'irai masu yabon Annabi (SAW), da mandiri ko da muryoyi kawai, sun dace da gidan da ba a son kiɗan rawa. Da yawansu ba sa tsananta ciniki, amma kada hakan ya sa ka raina abin da za ka ba su. 'Yan matan Islamiyya masu waƙar walima ma haka. A yi wa makarantar alheri, a ba yaran abinci da kuɗin mota.

Di-je shi ne zaɓin matasa. Mutum ɗaya ne ko biyu, amma kayansa ne masu cin kuɗi: lasifiku, amfilifaya, makirfo, janareto da mai. In ka haɗa shi da em-si, kuɗi ya ƙaru. Yawancin di-je suna iya riƙe makirfo su gabatar da taro da kansu, ko kuma a samu wani mai baki a cikin abokan ango ko ƙawayen amarya.

Akwai kuma hanyar da ta yi yawa yanzu: a sa matashin mawaƙi ya shiga situdiyo ya yi wa ango da amarya waƙa, a sa ta a waya, a yi ta sakawa a kowane taro. Wannan ya fi gayyato mawaƙi da kansa sauƙi nesa ba kusa ba, kuma waƙar tana nan bayan biki. In za ka yi haka, rubuta masa sunaye da kanka, ka karanta masa su ya maimaita, ka jera su yadda girma yake: iyaye kafin 'ya'ya, yaya kafin ƙane. Mantuwar sunan gwaggo ɗaya a waƙar biki tana iya zama maganar shekara. Ka kuma ce sai ka saurara kafin ya rufe aikin, domin gyara bayan an gama wani kuɗin ne.

Kakaki da tambari kuwa na sarauta ne, ba kayan haya ba ne ga kowa. In gidanku ba gidan sarauta ba ne, kada ma ka fara wannan magana a ƙasar Zazzau.

Mataki na huɗu: yanke kuɗin tun kafin ka fita

Ka ce wa kanka, "Abin da zan kashe a kiɗa ke nan, ko sisi ba zan ƙara ba." Sannan kada ka ɗauki dukkansa ka kai wurin ciniki. A ce misali ka ware ₦150,000. Abin da za ka yi ciniki da shi kada ya wuce ₦90,000. Ka ajiye ₦30,000 na mota da mai da abincin makaɗa, ₦15,000 na maroƙa da masu guɗa da tukuici, sauran ₦15,000 kuma na abin da ba a zata ba, domin sai ya zo. Ko nawa ne kuɗinka, rabon ke nan: kusan kashi 60 cikin 100 na ciniki, 40 na abin da ke biyo baya. Wanda ya zuba duka a ciniki, ranar biki sai ya taɓa kuɗin abinci.

Mataki na biyar: nemi na kusa, kuma da wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fara nema da zarar an sa rana, aƙalla wata biyu kafin biki. In bikin ya faɗo a Rajab ko Sha'aban, lokacin da kowa ke son a kai amarya kafin azumi, ko bayan ƙaramar salla, ko a Disamba, to ƙara wata guda a kai. A waɗannan lokuta makaɗi ɗaya yana iya samun gayyata uku a Asabar guda, ba shi da dalilin yi maka ragi. In kana da iko a kan ranar, sa taron kiɗan a Laraba ko Alhamis. Ranakun nan a zaune suke, kuma farashin ba ɗaya ba ne da na Asabar da Lahadi.

Kada ka tsallake Zariya. Daga Kaduna zuwa nan kusan kilomita 80 ne, Kano kuma ta kusa ninka haka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko ƙungiya da kayanta daga wani gari yana iya kamo kuɗin aikin kansa, ga masauki in dare ya yi. Ko a cikin Zariyar ma, duba ɓangarenku. In bikin a Kwarbai ne ko Ƙofar Doka, nemi na cikin gari ko Tudun Wada. In a Samaru ne ko Palladan ko Hanwa, kada ka kwaso lasifiku daga Ƙofar Gayan. Wanda zai zo da A Daidaita Sahu guda ya fi maka wanda sai an ɗaukar masa bas.

Ina ake samun su? Masu ƙwarya, tambayi mata. Kowace unguwa akwai uwar biki ko uwar adashi da ta san wace ƙungiya ce ke zuwa a kan lokaci, wace ce ke yi wa mutane zambo in ba a yi mata liƙi ba. Masu kalangu, tambayi mahauta. Tun asali kalangu kiɗansu ne, kuma har yau in ka tsaya a rumfar nama a kasuwar cikin gari ko ta Tudun Wada ka yi tambaya, ba za ka rasa wanda zai kwatanta maka gidan makaɗi ba. Mai unguwa ma ya san su. Sha'irai, tambayi limami ko 'yan zawiyya. Di-je kuwa, masu ba da hayar rumfa da kujeru duk suna da nasu, haka masu ɗaukar hoto. A Samaru da Kongo akwai ɗalibai masu wannan sana'a da ke neman suna, kuma farashinsu da sauƙi.

Abu ɗaya: duk wanda ya ce "bari in yi maka magana da shi", karɓi lambar ka yi maganar da kanka. Ɗan tsakiya yana da la'adarsa, kuma daga aljihunka take fita ko ba a gaya maka ba.

Mataki na shida: je ka gani da idonka

Bidiyon da aka turo maka ta WhatsApp mafi kyawun minti biyu ne na shekara guda. Tambayi inda zai yi wasa a wannan makon, ka je ka tsaya a gefe. Duba ƙarfe nawa ya iso, mutum nawa suka zo tare da shi, yadda lasifikarsa ke fita, da abin da yake yi in an kira salla. Saurari bakinsa: akwai batsa? Yana habaici ga wanda bai ba shi kuɗi ba? In masu ƙwarya ne a cikin gida, tura yayarka ko matarka. Rabin awa ya isa.

Mataki na bakwai: ciniki

Je gidansa da kanka, kada ka tsaya a waya, kuma tafi da babba in akwai. Kada ka je da babbar mota ko ka fara da ba da labarin manyan baƙin da za su zo. Farashi yana bin abin da ido ya gani.

Lokacin bikin ƙanwata ta farko, na sami wani dattijo mai kalangu a ƙofar gidansa da hantsi, yana zaune a tabarma yana ɗaure sabuwar tsirkiya, kalangun a kan cinyarsa. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, biki gare mu, nawa za mu ba da?" Bai ɗago ba ya ce, "Haba ɗana, ai kai namu ne. Na san kakanka. Abin da Allah ya hore, shi ke nan." Na ji daɗi na tafi. Ranar biki ya zo da mutum tara. Da aka tashi na miƙa abin da na tanada, ya juya shi a hannu ya ce, "Wannan na yara ne, saura nawa." Ba zaluntata ya yi ba, a al'adarsa haka ake yi, ni ne ban tsayar da magana ba. Na cika masa daga kuɗin da aka ware na kai amarya.

Saboda haka in ka ji "abin da Allah ya hore", yi godiya, sannan ka ce cikin ladabi, "Baba, ƙarfinmu kaɗan ne, kuma ba na son in ji kunyarka ranar biki. A taimaka a yanka mini." In ya faɗa, kai ma ka taya. In ya ce albarka, kada ka tsaya jan kuɗi kawai, rage aikin: "To in mutum huɗu ne maimakon bakwai fa? In awa uku ne maimakon wuni guda? In mu za mu kawo mota?" Wannan ita ce hanyar da ta fi aiki, domin ba ka taɓa darajarsa ba, nauyinsa ka rage. Da di-je ma haka: lasifika biyu sun ishi tsakar gida ko layin unguwa, ba sai shida ba, fitilun wasa ba su da amfani da rana.

Kafin ka tashi, tabbatar kun yi magana a kan waɗannan: mutum nawa za su zo, ƙarfe nawa za a fara kuma a tashi, wa ke da mota zuwa da komawa, wa ke da janareto da mai, nawa ne in an ƙara awa, kuma shi da kansa zai zo ko yaronsa zai turo. Wannan ta ƙarshe ka nanata ta. A lokacin cunkoson biki wasu suna karɓar aiki biyu, su raba yaransu, su leƙa kowanne na rabin awa.

Ina roƙon ka da abu guda a nan. Neman sauƙi daban, danne haƙƙi daban. Mai ƙwaryar nan da za ta yi awa huɗu a durƙushe tana dukan ƙwarya, da abin za ta ciyar da gida. In ka ga farashin ya sauka inda kai kanka ka san bai kamata ba, tsaya haka. Makaɗin da ya zo da ɓacin rai ba ya yin kiɗa mai daɗi, kuma duk taron zai ji.

Mataki na takwas: raba gardamar liƙi tun yanzu

Rigimar da na fi gani a ƙarshen biki a kan liƙi take. Hanya uku ake bi. Ta farko, ka biya kuɗin aiki cikakke, abin da aka ba makaɗi a hannunsa nasa ne, abin da aka liƙa wa amarya ko uwarta na gida ne. Ta biyu, ka ba da kuɗin mota da ɗan abin goro kawai, duk abin da ya zuba a fili na makaɗa ne. Ta uku, a tara a raba bisa yadda aka yi alkawari.

Wacce ta fi? Ya danganta da jama'arka. In uwar amarya mai jama'a ce, 'yar ƙungiyoyi, wadda ta sha yi wa mutane biki, bi ta farko. Abin da za a liƙa mata yana iya biyan makaɗan har a samu ragi. In taron ƙarami ne kuma hannunka babu nauyi, ta biyu za ta fisshe ka, amma faɗa wa makaɗin gaskiyar yawan mutanen da kake tsammani, kada ka cika masa baki ya zo ya tarar da kujeru ashirin. Ta uku ina guje mata, domin sai an zauna ƙirga kuɗi da dare kowa a gajiye, kuma zargi ba ya wuyar shiga.

Ko wacce kuka zaɓa, sa 'yan mata biyu amintattu daga dangi su riƙe jakar gida, makaɗa su sa nasu mutum ɗaya, kowa ya san iyakarsa.

Ka kuma sani cewa watsa naira a sama ko tattaka ta a wurin rawa laifi ne a ƙarƙashin sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007. Hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ne, ko tarar da ba ta gaza ₦50,000 ba, ko duka biyun, kuma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kan haka. Yanzu kowa da waya a hannu, bidiyon biki kuma ba a san inda yake tsayawa ba. Mafita mai sauƙi ce: a ajiye faranti ko ƙwarya a gaban amarya, wani a gaban makaɗa, mai bayarwa ya sa a ciki ko ya miƙa a hannu. A rubuta lambar asusu a kwali ga masu taransifa. Wannan ya kuma raba ku da masu canjin sababbin kuɗi da ke tsayawa a bakin rumfa suna cire nasu a kowace dubu.

Maroƙan da ba a gayyata ba kuwa za su zo, biki na farar kaza ne. Kada ka kore su, kada kuma ka bar su su riƙe makirfo. Ba wani kawu mai faɗa a ji 'yan canji ya tsaya ya sallame su ɗaya bayan ɗaya tun da wuri.

Mataki na tara: kafin alƙalami da shaida

Kada ka biya duka tun farko. Ba da kashi ɗaya cikin uku, in ya matsa rabi, ciko kuma sai an tashi. In ta taransifa ka biya, ajiye shaidar. Sannan rubuta duk abin da kuka yi magana a kai a saƙo ɗaya ka tura masa, ya amsa. In ba ya karatu, yi saƙon murya a gabansa ka ambaci rana da lokaci da kuɗi da yawan mutane, shi ma ya ce ya yarda, ga shaida ɗaya daga ɓangarenka ɗaya daga nasa. Ku kuma faɗi abin da zai faru in an ɗaga biki, domin rasuwa ko rashin lafiya suna sa a ɗaga: kafin alƙalamin zai bi sabuwar rana ne ko ya tafi? Yawancinsu suna yarda ya bi, in ka sanar da wuri.

Mataki na goma: wuta, sama da maƙwabta

Kada ka dogara da wutar lantarki ko da layinku yana samu. Tambayi mai janareto lita nawa injinsa ke sha a awa, ka ninka da awannin taron, ka ƙara lita biyu, kuma ka sayi man da kanka a jarka tun jajibere. A bikin ɗan yayana injin ya mutu daidai lokacin da aka fito da amarya, saboda an ba wani yaro kuɗin mai ya sayo rabi. Minti ashirin ana jiran mai babur ya dawo, amarya a tsaye cikin lulluɓi. Allah ya taimaka akwai tsofaffi biyu da suka ɗauki guɗa da tafi da waƙoƙin aure na da, mata suka amsa, har wasu suka ce wannan ne ya fi musu daɗi a ranar. Duk da haka ban sake ba wani kuɗin mai ba.

In bikin na damina ne, musamman Yuli da Agusta, tanadi rumfa ta musamman ga makaɗa da leda babba ta rufe kaya. Fatar kalangu in ta sha laima sakwarkwacewa take, amon ya mutu, lasifika kuma ruwa kaɗan ke lalata ta, kuma kai za a ce ka biya. Ɗora wayoyin wuta a kan benci, kada su kwanta a ƙasa. Da hunturu kuma a fara da wuri, domin da rana ta faɗi sanyi ke korar mutane.

In za a tare layi, sanar da mai unguwa da maƙwabta kwana uku kafin nan, ka bar hanyar wucewar babur da mai ruwa. Juya lasifika ta bar fuskantar masallaci da gidan da ke da mara lafiya. Gaya wa makaɗi da an fara kiran salla a tsaya cak, ba sai an aiko ba.

Ranar biki

Kira shi da daddare kafin ranar, ka sake kira da safe. Naɗa mutum ɗaya tak da zai yi hulɗa da makaɗa, domin in kowace gwaggo tana ba da umarni, za a ƙara awa ba da saninka ba. Ba wannan mutum takardar sunayen da za a ambata da jerin yadda za a fito fili: uwar amarya da ƙawayenta, dangin uba, dangin uwa, dangin ango, sannan amarya. Tsarin nan yana sa kowa ya samu nasa lokaci cikin awa uku, kuma liƙi ya fi auki in rukuni-rukuni ake fita.

Ware abincin makaɗa tun daga tukunya, a ba su da ruwan sha kafin su fara. In ka bari sai an gama rabo, ƙanzo za su samu, kuma za ka ƙare da ba su kuɗin abinci. In lokacin tashi ya yi mata suna cewa a ƙara, mai son ƙari ya biya awar daga jakarsa. Faɗi haka tun a taron gida, don kada ya zama abin jin nauyi a fili.

Ciko ya kasance a ambulan a aljihunka tun safe, ba a cikin kuɗin liƙi da ba a ƙirga ba. Da an tashi, ja shugabansu gefe, ka miƙa masa, ya ƙirga a gabanka da shaidar nan. In sun kyauta, ɗora tukuici ko yaya yake, ka sa a zuba musu cincin da dubulan a leda su kai gida. Tsaya har a loda kayansu a mota, a duba ba a bar makirfo ko waya ba. In an yi waƙar situdiyo, karɓi kwafinta a wayarka da ta wani a daren, kafin di-je ya tafi da ita a nasa filashin.